Baba, Suna So Su Naɗa Ni Bulama

Zuwa ga mahaifina, marigayi Katikis Bulus, mai koyar da addini a coci,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu, da fatan kana hutawa a wurin Ubangiji. Bayan gaisuwa, ɗanka Istifanus ne.

Baba, yayanka Bulama, mai garinmu, ya rasu. Ran Lahadi na dawo daga coci, na tarar da dattawan ƙauyenmu shida a ƙofar gidana a Dogo Nini, sun taso tun daga bayan Gadaka. Biyar cikinsu Musulmi ne. Sun ce sun duba zuriya kaf, ni suke so in gaje shi. Ni da ban san komai ba sai yi wa shanu allura a kasuwa.

Washegari wani ɗan siyasa ya zo taya murna. Kafin ya tashi ya ajiye mini takarda. Burtalin da Fulani ke bi zuwa rijiya, wai gonar kakansa ce. Sa hannun sabon bulama kawai ya rage.

Na tuna zamanin soja, a gindin bishiyar bayan coci, da samari suka tsare ka da tambaya: soja, sarauta ko zaɓe, wanne Katolika ta yarda da shi? Ka ce Coci ba ta zaɓar wa mutane irin mulkin da za su yi ba. "Ku dai duba, jama'a sun yarda da shi? Mai ƙaramin ƙarfi yana amfana? Iko na Allah ne, aro ake ba mutum." Muka yi dariya a ɓoye, muna cewa tsoron soja ne ya sa ka kauce.

Sai ranar da yayanka ya so ƙwace gonar wata gwauruwa, ya kira ka shaida. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa a gabansa, ka ce: "Ranka ya daɗe, kai ne shugabana. Haraji da aikin gayya duk zan yi. Wannan kam ba zan iya ba." Shekara biyu bai amsa gaisuwarka ba, kai kuma ba ka fasa zuwa ba. Abin da ban taɓa faɗa maka ba, na ga ƙafarka a zaure ran nan. Sau uku tana kuskuren takalmin saboda rawa.

Jiya na mayar wa ɗan siyasar nan takardarsa. Ko fuska bai ɓata ba. Ya tambayi lafiyar jikarka Rifkatu, ya faɗi ajinta, ya faɗi lokacin da suke tashi daga makaranta. Baba, yau da kaina na kai ta, na tsaya a bakin get har aka tashi. Duk motar da ta rage gudu sai in zuba mata ido har ta wuce.

Matata Saratu tana ta kuka, ta ce in ƙi rawanin mu zauna lafiya. Fada, limamin cocinmu, kuma ya ce in na ƙi, wani zai karɓa, kuma wataƙila ya sa hannu.

Akwai wani tsoron da ban gaya wa kowa ba. Da dattawan nan suka cire takalma dominna, na ji daɗi, Baba. Daɗi sosai. Yayanka ma ai mutumin kirki ne kafin rawani.

Juma'a mai zuwa ne naɗin. Na aika wa arɗon Fulani da manoma su zo duka. Kafin rawani ya taɓa kaina zan miƙe in faɗi zancen takardar a gaban kowa. In sun ji, kuma har yanzu suna so na, to.

Babana, ina kewarka. Da kana nan da na zo na zauna kusa da kai kawai, ko ba ka ce komai ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka maka har abada. Ya tsare Rifkatu a hanyarta. Ya tsare mutanen ƙauyenmu daga mugun mutum, ko da ni ne. Amin.

Ɗanka,
Istifanus
Potiskum