Allon da Kamaruddeen Bai Saya Ba

Bagwai, Litinin

Ɗana Tasi'u,

Bayan sallama, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan shago.

Ka san abokinka marigayi, ɗana na fari, ya shekara biyu yana tara kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya don ya haɗa da hannunsa. Komai ya samu sai allon da ake dasa sauran a kai, wanda kuke kira madabod. Bai saya ba Allah ya karɓi abinsa. Shekara huɗu ke nan.

Bana ƙafafuna sun daina kai ni masallaci, gidan kuma ni kaɗai ne. Ina so in ga abin nan ya kunnu kafin tawa ta zo. Ka duba mini mai sauƙin kuɗi. Lambobin da ya rubuta a littafinsa na kwafe su a bayan takardar nan. Sha'aban direba zai karɓo amsa.

Allah ya yi maka albarka.
Malam Ikrima

Kano, Alhamis

Baba,

Ina gaisuwa da fatan jiki da sauƙi. Wasiƙarka ta sa ni hawaye a gaban kwastoma.

Kayan Kamaruddeen yayinsu ya wuce, sababbin alluna ba sa karɓarsu, sai na hannu. Na samu biyu. Ɗaya ƙarami ne, shi ne mai arahar. Ɗayan ya ɗan fi tsada, amma yana da guraben da za a ƙara masa kaya nan gaba. Da ni ne, shi zan ɗauka. A aiko kayan in gwada.

Ɗanka,
Tasi'u

Bagwai, Asabar

Ɗana Tasi'u,

Gaisuwa mai yawa. Ɗauki ƙaramin. Wanda zai ƙara masa kaya nan gaba yana maƙabarta.

Kayan suna cikin buhu wajen Sha'aban. Kada tokar ta dame ka. Da na ga gara ta fara cin kwalayen, sai na zare su daga ledojinsu na binne su a tulu da toka da barkono, yadda muke adana irin wake. Ko ƙwaro ɗaya bai taɓa su ba.

Allah ya tsare.
Malam Ikrima

Kano, Laraba

Baba,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Allon lafiyarsa ƙalau. Amma tokar ta sha laimar damina huɗu, tsatsa ta cinye ƙafafun kayan. Kwana uku ina wankewa ina gwadawa, ko fanka ba ta juya ba.

Ina da wasu a shago irinsu sak. Zan iya sa su cikin akwatin kwamfutarsa, ta kunnu a gabanka. Wallahi na so in yi haka in yi shiru, na kasa. Me ka ce?

Ɗanka,
Tasi'u

Bagwai, Juma'a

Ɗana,

Sallama. Ashe da hannuna na kashe ta.

Kada ka sa naka, ba su ya taɓa ba. Allon ka ba wani mai buƙata. Nasa kuma ka daina wankewa, ka kawo mini su da kanka, ko shayi mu sha. Tun sadakar arba'in ba wanda ya ambaci sunansa a gidan nan, ni kuwa bakina bai taɓa iya faɗa ba.

Ka huta lafiya.
Ikrima