Takalman Faruƙ

Daga Bangi,
Zuwa ga Baffana Tanimu, a Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Baffa, ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga mahaifinta, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sauwaƙe maka ciwon bayan nan. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, gero ya fara fitar da kai, Inna tana nan da ƙarfinta, maigidana Sanda kuma ya dawo daga Madawa. Na so in kira ka a waya, amma duk lokacin da na ɗauko ta sai bakina ya yi nauyi, shi ya sa na zaɓi in rubuto.

Maganar ƙanena Faruƙ ce. Tun ranar da ka ce zai iya neman shiga sojan ruwa kamar yadda ka yi, tunda marigayi Baba ɗan ƙasarku ne, kuma ka gargaɗe shi cewa bana ce damarsa ta ƙarshe saboda shekaru, yaron nan ya zama wani mutum daban. Wanda a da sai na yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba, shi ne ya koma tashin ladan. Ya bar shayin fada da taba. Ya cika gwangwanayen madara da siminti yana ɗagawa, ya kife a tsakar gida yana tura ƙasa da hannuwa har sai ya faɗi. Da tabki ya cika ya shiga koyon iyo cikin ƙananan yaran da ya isa ya haifa, yana shan ruwan laka suna yi masa dariya. Ni ma na samu rabona, don bidon ruwana, wato jarkokina, da gudu yake kawo mini su daga famfo. Ina tsokanarsa da cewa sojan ruwan da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce wuyansa ba, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce in jira in gani.

Ka san garinmu, babba ba ya gudu sai da dalili. Da ya fara bin hanyar mota da takalman da ka aiko masa, 'yan kabu-kabu suka riƙa bin sa da oda, tsofaffin bakin masallaci kuma suna tambaya wai mi ya koro ɗan Manzo, ko kuwa kai ne ya taɓu. Har gida aka zo yi wa Inna jaje. Kunya ta sa ya bar hanya mai laushi ya koma tudun bayan gari inda babu mai ganinsa, wurin da ba komai sai dutse da tsakuwa. Can ƙwaurinsa na dama ya fara ciwo, ya kumbura. Na ce masa ya huta, ya ce ranar tantancewa a Sakkwato ta matso, kuma kai ka faɗa masa wanda ya kasa gudun farko ko sunansa ba a tambaya.

Ranar kasuwa ina can wajen awo, Inna ta aika aka kira wanzami. Ta ce wai mataccen jini na, sai an hidda shi, haka aka yi ma ubanai kuma ya tashi. Faruƙ bai so ba, amma wa zai yi musu da uwa a gaban baƙo? Aka tsattsaga ƙwaurin aka kafa ƙaho. Washegari ya ɗaure ƙafar da tsumma ya hau tudu, da yamma kuma ya shiga tabki. Kafin mako ya zagayo ƙafar ta yi suntum tana ruwa, zazzaɓi ya kwantar da shi, sai a amalanke muka kai shi likita. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya buɗe tsumman, ya dube mu ya girgiza kai. Ya ce ciwon farko gajiyar ƙashi ce kawai, hutu kaɗan da zai warkar da ita. Yanzu kuwa miki ya ci ya yi zurfi, kada ya taka ƙafar sai bayan girbi, kuma bai yi mana alkawarin za ta koma daidai ba. Garin neman gira mun rasa ido, Baffa. Tantancewar kuwa cikin wannan wata ne.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce ƙaddara ce na yi shiru. Amma shekaranjiya maƙwabciyarmu ta shigo dubiya, suna zaune da Inna a bakin murhu, sai na ji Inna tana ce mata wai ta gode Allah, ko da ɗingishi dai ɗanta yana gabanta, ruwa ba sa'an kwando ba ne, ita ba ta haihu don ta ba teku ba. Faruƙ yana kwance a rumfa, zana ɗaya ce tsakaninsu, ya ji komai. Ban ce da gangan ta yi ba, Allah ya tsare bakina, na ga yadda ta yi kuka a likita. Sai dai raina ya ɓaci ƙwarai, har yau ban iya haɗa ido da ita ba. Shi kuma tun ranar bai ƙara cin abin da ta dafa ba, sai furar da nake kawo masa daga gidana. Ba ya faɗa, ba ya kuka, ya juya fuska ga zana kawai. Wallahi na fi son ya yi ihu.

Baffa, ban san abin da zan roƙe ka ba. In akwai wata ƙofa da ta rage, ka faɗa mini ni kaɗai, kada a sake ɗaga masa rai a banza. In babu, ka kira shi ka yi masa magana irin ta uba, don ni nawa bakin ya ƙare. Abokansa duk sun tafi Abijan da Libiya, shi ya ƙi bin su saboda wannan buri, yanzu ga shi ba tafiya, ba ko noman da ya raina. Tsoro nake ji kada zuciyarsa ta riga ƙafar lalacewa.

Ka gaishe mini da Inna Raihanatu, da Fiddausiya da maigidanta, da ɗanka, ƙanena Hamisu. Sanda yana gaishe ka, 'yata Nasiba ma ta ce a gaida Kaka na bakin teku. Inna ba ta san na rubuto ba.

Direban da zai ba ka takardar nan zai haɗa maka da ƙullin leda. Takalman ne. Jiya Faruƙ ya sa na kawo masa ruwa da sabulu, ya wanke su yana zaune, ya cire tsakuwar da ta maƙale a ƙasansu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a ba Hamisu, wai har yanzu da sauran gudu a cikinsu.

Taka ɗiya,
Kaltuma Manzo