Miyar Kukar da Kika Bari a Firji

Zuwa ga matata, marigayiya Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, wani abu ya faru da ni a Guangzhou, ba kuma wanda zan iya faɗa wa sai ke.

Kin tuna da za ki tafi Kano haihuwa kin cika mini firiza da miya, roba-roba, kina tsokanata: "Mutumin da ko ruwan zafi sai ya ƙona." Na cinye kusan duka ina jiran dawowarki, saura roba ɗaya ta miyar kuka, sai aka kira ni aka ce ke da jaririn Allah Ya karɓi abinSa.

Na kasa cin ta, Rabi. Na ce sai ranar da zan iya haɗiya ba tare da kuka ba.

Da na koma ƙaramin ɗaki kusa da kasuwar Shahe, firjin ya ƙi shiga. Na kai shi wani ɗakin ajiya a saman bene, inda iska ke kaɗawa. Da hunturu ya shigo har murna na yi. Mu da muka tashi muna tsoron zafi da ɗaukewar wuta, wa zai ce mana sanyi na ɓata abin da ke firiza?

Ashe idan ɗaki ya yi sanyi sosai, injin sai ya ɗauka aikinsa ya kammala, ya kwanta, firizar ta narke a hankali. Haka mai gyara ya bayyana mini, ya ce firjin lafiyarsa lau. Wallahi da lalacewa ya yi, da na samu abin zagi.

Miyar ta yi tsami, ta yi kumfa. Duk da haka na tuƙa tuwo, na ɗumama ta, na kai loma ɗaya. Ta ƙi wucewa. Na zubar da girkinki na ƙarshe da hannuna, ina kuka kamar yaro.

Na wanke robar, amma ƙamshin daddawarki ya kama jikinta. Duk buɗewar da na yi sai na ji ya ragu, shi ya sa yanzu na rufe ta, ba na buɗewa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sada ni da ku a Aljanna.

Mijinki,
Sani