Cikon Ƙofar Gida

Litinin, 8 ga Yuli

Ruwa ya sake shigo mana. Iya idon sawu ne, amma ya jiƙa yadikan mutane da na manta a ƙarƙashin keken ɗinki. Ni da Baban Auta muka wuni muna kwarfa da roba. Bayana kamar ba nawa ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Mai kemis ya sa an zubo masa tifar ƙasa a ƙofar gida, ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo. Haka layin nan ya koma tun da aka gine filin da ruwa yake kwanciya a da. Duk wanda ya samu hali sai ya yi ciko, ya tura wa na ƙasa da shi. Na saman layi suka tura wa mai kemis, shi ya turo mana, daga mu kuma sai ɗakin Iya mai wanki a can ƙurya, wadda ba ta da wanda za ta tura wa.

Na ce masa, "To mu fa?" Ya ce, "Maman Auta, ni ma turo min aka yi." Har da dariyarsa. Ban taɓa ganin rashin ta-ido irin na mutanen layin nan ba, kuma da safe kowa zai gaishe ka kamar ba komai.

Asabar, 20 ga Yuli

Ma'aikatan magudanar ruwa sun zo, sun yi awo, sun shafa jan fenti a bango. Wai da an gama damina za a fara aiki. Bara ma sun shafa, na bana dai ya fi ja. Babbansu ya roƙe mu kada kowa ya ƙara ciko, yana ƙara dagula lamarin. Ni na fi kowa gyaɗa kai.

Lahadi, 28 ga Yuli

Tarin Auta ya dawo. Bangon ɗaki ya yi baƙi har gwiwa, katifa tana wari ko an shanya ta. Malamar asibiti ta ce danshi ne, a fitar da yarinyar daga ɗakin. In kai ta ina? Ban tambaya ba, na dai ce to.

Juma'a, 2 ga Agusta

Mun yi da Baban Auta. Ya ce zai kira magini a yi mana ciko. Na ce ruwan gaba ɗaya ɗakin Iya zai nufa, shi ma ya sani. Matar da ta goyi Auta lokacin da na kwanta ciwo bayan haihuwa, ta yi min wanki ba ta karɓi komai ba. Na ce ni dai ba da hannuna ba.

Ya ce, "To zaɓi, ƙirjin 'yarki ko ɗakin Iya."

Na ji haushinsa ƙwarai. Na fi jin haushin kaina.

Talata, 6 ga Agusta

Na leƙa Iya. Ta ɗora gadonta a kan bulo, kayan wankin mutane suna rataye a igiya a cikin ɗakin, ko'ina sanyi. Ƙafarta ta kumbura. Ta ce, "Na ji za ku yi ciko." Na rantse mata ba za mu yi ba. Ta ci gaba da ninke riga, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ku yi mana, 'yar nan. Ni na saba."

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Asabar, 10 ga Agusta

A asibiti muka wuni. Numfashi ya gagari Auta sai da aka sa mata abin shaƙa. Na gaji.

Litinin, 12 ga Agusta

Tifa ta zo. Ban ce a kawo ba, ban kuma ce a mayar ba. Ina ciki ina ɗinki. Da magini ya tambaya bulo biyu za a ɗora ko uku, Baban Auta ya leƙo ya dube ni.

Na ce uku.

Alhamis, 15 ga Agusta

An tafka ruwa tun da hantsi, irin wanda ba a yi ba bana. Ko ɗigo bai shigo ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ga yadda yake zuwa ya bugi cikonmu ya karkata ya gangara. Na san inda ya nufa. Na rufe ƙofa saboda iska.

Juma'a, 16 ga Agusta

Iya ta zo duba Auta. Ba ta iya hawa sabon matakin ba saboda ƙafar, sai ta tsaya daga ƙasa, zaninta a jiƙe har cinya. Na miƙo mata yarinyar ta shafa kanta, ta ce, "Kishiyata, kin warware?" Auta ta yi dariya, tari ɗaya kawai ta yi.

Na ce da sauƙi sosai. Ta ce madalla. Ban tambaye ta ɗaki ba, ita ma ba ta ɗauko zancen ba.

Ya kamata in bi ta in taya ta kwashe kaya. Na ce bari in gama wuyan rigar da ke kan keke tukuna. Da na gama sai na ɗan kishingiɗa kusa da Auta.

Na yi barci mai daɗi, rabona da irinsa tun farkon damina.