Matsala Ɗaya a Kowane Zuwa

Cape Breton, watan Janairu

Zuwa ga Yaya Odile,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki. Mu nan dusar ƙanƙara ta kai har tagar kicin.

Yaya, ba zan yi miki kwana-kwana ba: Alcide ba shi da lafiya. Abinci ba ya wuce masa a maƙogwaro. Nama sai ya tauna ya tauna, ina juya baya ya tofa a hannu ya miƙa wa kare a ƙarƙashin tebur. Kare ya yi ƙiba, mijina ya rame. Ran nan na kama shi a garejin mota yana huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa.

Da kyar na samo masa ganin Likita Farrow. Kin san tun da tsohon likitanmu ya yi ritaya, shi kaɗai ya rage a duk gaɓar nan. Sun manna takarda a ƙofa, wai matsala ɗaya a kowane zuwa. To, canki wadda mijin ƙanwarki ya zaɓa. Farcen ƙafa! Ya fito yana washe baki da bandeji a babban yatsa. Na ce, "Maƙogwaron fa?" Ya ce, "Ɗaya suka ce, Verna. Ya tambaye ni ya jiki, na ce garau." Shekara arba'in yana kamun ƙaguwa a teku, abin da ya koyo ke nan, namiji ba ya cewa wash. Ubansa ma da "garau" ɗin a baki muka binne shi.

Na buga waya asibitin. Janelle ce a teburin karɓar mutane, 'yar ƙawata Thérèse, yarinyar da na yi wa wanka da hannuna. Da can Anti take ce mini. Yanzu cewa ta yi, "Madam Poirier, ba zan iya tattauna lafiyar wani da ke ba. In yana da damuwa, shi zai kira." Na ce, "Wani? Mutumin da nake wanke wa safa tun ba a haife ki ba?" Ta ce doka ce. Shi kuwa ya rantse ba zai kira ba.

Ni ina da nawa layin ganin likita bayan Ista, na sabunta maganin hawan jini. Akwai abin da nake saƙawa a raina.

Ki gaida kowa. Taki ƙanwa,
Verna

Sudbury, watan Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Verna,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, kuma na sa Alcide a addu'a a coci.

Wannan "abin da nake saƙawa" ya hana ni sukuni, domin na san halinki tun kina jan gindi. Ki saurare ni. A zamanin nan ba a faɗa da mai teburin likita. Maƙwabciyata ta ɗaga murya sau ɗaya, suka aiko mata da takardar sallama, yau shekaru tana jiran a haɗa ta da wani likita. In ciwo ya taso sai ta je ɗakin gaggawa ta wuni a kujera. Ke kuma jininki ba na wasa ba ne, shi ya kwantar da Mama.

Ki gasa wa Janelle burodin nan naki mai zabibi, ki kai mata da fara'a. Ki lallashi mijinki da daɗin baki. Layinki kuwa ki bar shi na maganinki.

Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Yayarki,
Odile

Cape Breton, watan Afrilu

Yaya Odile,

Ina gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta.

Burodin na kai. Janelle ta yi godiya, ta cinye, ta maimaita mini doka. Daɗin baki ma na gwada, har ya soma tambayata ko na buge motar ne. Zuwa Ista miya kawai yake iya sha.

Ranar layina na ce masa jiri nake ji, ya kai ni, ya riƙe mini hannu har ciki. Ɗakin jira cike, rabi abokansa ne na bakin jirgi. Da aka kira sunana na damƙe hannun rigarsa na nufi ƙofa da shi. Janelle ta miƙe ta tare hanya.

"Madam Poirier, wannan lokacin naki ne."

"To tunda nawa ne, na ba shi."

"Ba a haka. Sunanki ne a kwamfuta."

"Sai ki goge ki sa nasa. Yatsunki sun fi nawa sauri."

Ta nuna mini ɗaya takardar da ke bango, wadda ta ce ba a lamuntar yi wa ma'aikata tsawa. Ni kuwa a lokacin ban ma fara ba. Alcide yana ta raɗa mini, "Verna, mutane na kallo." Shi ne na juya wajen mutanen. Na ce tunda an hana ni gaya wa likita, bari in gaya wa gari. Na faɗa musu zancen kare. Na ɗaga rigarsa na nuna musu bel ɗin. Na ce mutumin nan rabonsa da haɗiye nama tun Kirsimeti, kuma duk wanda ya ce garau yake, ƙarya yake yi, har shi kansa. Da ƙarfi na faɗa, ban musa ba. Gwangwanin biro da ke kan tebur ma ya faɗi, sun ce ni na ture shi.

Likita Farrow ya leƙo, idanunsa jawur don gajiya. Ya dubi bel ɗin, ya dubi wuyan Alcide, ya ce, "Malam Poirier, shigo." Ni aka bar ni a waje. Kafin mu isa gida an riga an kira daga babban asibitin Sydney, birnin da ke nan kusa da mu, za a zura masa kyamara a maƙogwaro.

Sai ga takarda daga manajan asibitin namu. Sun cire ni daga cikin marasa lafiyar Likita Farrow saboda "halin da ya tsorata ma'aikata". Sun ba ni maganin da zai kai ni watan Yuni, daga nan in nemi wani likita. Wai in ina so a sake dubawa, in rubuta takardar ban haƙuri.

Ba zan rubuta ba. Na ji zafin ganin hawaye a idon Janelle, ita ma aiki aka sa ta, kuma na je gidan uwarta na gaya mata haka. Amma in sa hannu cewa na yi kuskure? Gobe ma in aka mayar da ni wurin, sai na ƙara ɗaga rigar.

Abin da ke cina shi ne Alcide. Tun ranar bai yi mini magana ba. Wai na tsiraita shi a gaban maza. Ina tsoro, Yaya, kuma ba ni da wanda zan gaya wa a gidan nan sai kare.

Ki huta lafiya. Taki,
Verna

Sudbury, watan Mayu

Zuwa ga Alcide,

Bayan gaisuwa, ya jiki? Kada ka ce mini garau.

Tun da ka auri ƙanwata ban taɓa sa baki a gidanku ba, yau zan sa. Verna ta gaya mini ta waya cewa sun ga tsiro a maƙogwaronka, kuma likitocin Sydney sun ce an zo da wuri, za a iya yi maka aiki. Ba ƙafarka ce ta kai ka da wuri ba, janka aka yi. Ni ce na ce mata ta yi shiru ta kai burodi. Da ta ji maganata, da yanzu kana can kana huda bel.

Kai kana da likitoci har sun yi maka yawa. Ita ba ta da ko ɗaya, kuma ƙwayoyinta sun kusa ƙarewa. Na ji har yanzu kana kumbure-kumbure wai an kunyata ka. Abokan naka da kake jin kunya, biyu a cikinsu sun je an duba su bayan abin, matansu ne suka gaya wa Verna.

Ka san abin da ya kamace ka. Allah ya sa a yi aiki a sa'a.

Yayar matarka,
Odile

Cape Breton, watan Yuni

Yaya Odile,

Gaisuwa. Ban iya wasiƙa ba, ki yi haƙuri da rubutun. A kan gwiwa nake yi, a ɗakin jiran Likita Farrow.

Yau ne layina kafin aiki. Ya ce ya jiki. Na ce ba lafiya. Bakina har ya yi nauyi, ban taɓa faɗa ba. Ya ce me ke damuna. Na ce ɗaya kuka ce a kawo, to ga ta: matata ba ta da likita. Ya ce wannan maganar manaja ce. Na ce a kira manaja. Janelle ta ce yana wani gari, sai yamma, wataƙila ma gobe. Na ce na saba jiran ƙaguwa, ita ma ba ta da alƙawari.

Na taho da shayi a fulas. Janelle ta kawo mini kofi, ta ce, "Kawu, sukari nawa?" Abokaina uku sun zo sun zauna, babu mai layi a cikinsu.

Verna ba ta san ina nan ba, ta ɗauka na je duba jirgi. In kin kira ta kada ki faɗa, ni zan gaya mata da bakina.

Ba na tashi.

Naki,
Alcide