Allurar da ka ce in duba

Zuwa ga maigidana, Baban Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan rahamar Allah ta kai gare ka a makwancinka.

Yau motarka nake tunawa, 'yar Kwatanon nan mai turbo da ka fi lallashi fiye da ni. Baturen da ya fara hawanta ya maƙala mata ƙaramin agogo kusa da sitiyari. 'Yan tashar Gashuwa sun ɗauka ado ne, kai kuwa sai da ka gano aikinsa.

Ka koya min tun ina amarya, ina hamma kana bayani. Agogon iska da mai ne. In turbo mai hura wa inji iska ta fara fito, allura ta zauna wajen sha biyu. In ta haura sha huɗu, iska ta rinjayi mai, injin zai ƙone. Kullum cewa kake, mota mai yunwa ba ta kuka, daɗin gudu ma take ƙarawa kafin ta mutu.

Sai ranar da zan haifi Falmata, naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, aka ce mu nufi asibitin Nguru. Ana wahalar fetur, man bumburutu ka sha, dattinsa ya toshe filta. Da ka taka totur, sai allura ta yi sama.

Ka ce in duba maka ita, kai kana fama da ramuka. Ina cizon mayafi ina kiran lamba, ka taka, ka saki. Har Jajimaji a-kori-kura tana wuce mu. Na ce ka fi son ƙarfe da matarka. Kai dai ka ce in sake duba allurar.

Da ka biye min, da a daji muka tsaya. Mun isa, Falmata ta zo da rai. Daga baya ka ce ai da kanka za ka iya duban allurar, so kake hankalina ya bar ciwon.

Shekaranjiya Falmata ta bi hanyar nan da tata naƙudar. Mijinta na ta sheƙa gudu, ni kuma a baya idona na neman agogon da babu shi. Wallahi na yi kewarka.

Namiji ta haifa. Sunanka za a sa masa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu a Aljanna.

Taka,
Maman Falmata