Rigar da Ke Tona Asirin Gajiya

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki. Ya Umma da ƙafar tata? Ya Auta? Na gaji da tura miki saƙon murya ba kya saurara, shi ya sa na rubuto.

Ni lafiya lau, ina nan ɗakin wanki na kulob ɗin ƙwallon nan. Kin san 'yan wasan, ƙarti da su, wata 'yar riga suke sawa kamar rigar mama? A bayanta akwai na'ura kamar kwalin ashana, tana auna gudunsu da bugun zuciyarsu. Ko mutum ya rantse bai gaji ba, likita zai duba kwamfuta ya ce gobe hutu, kar tsoka ta yage.

Rannan son sani ya sa na saka ɗaya a ƙarƙashin rigata, na wuni ina hawa da sauka da kwandunan kaya. Da yamma likita ya leƙo yana tambaya, wane ɗan wasa ne bai zauna ba tun safe? Na ce ni ce. Ya yi dariya, can ya daina, ya ce in huta gobe. Na ce to, amma washegari na fito aiki, don wanda ya cika hutu a nan, wani ake ɗauka a madadinsa. Baya ne kawai ke ɗan ciwo, kar ki gaya wa Umma.

Abin da nake ta tunani, da za a sa wa Umma rigar nan, me za ta nuna? Ita ma kullum "lafiya lau" take ce min. Don Allah ki karɓe mata wankin gobe.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki, Sarkin Surutu